Inna Ta Zaɓi Na Nesa

Armaya'u ya daki tabarma. "Wallahi ba mai kai Inna gidan gajiyayyu na Katsina! Tsofaffi birjik, wa ya san wani? Ga ƙarami irinsa nan bayan kasuwar Batsari, kullum sai mu leƙa ta."

Ƙanwarsa Kamila ta harare shi. "Can akwai likita, Yaya! Tun da muka gudo daga Runka, surutu kawai ka iya."

"Ku kai ni Katsina," in ji Inna daga kan gado.

Ta dubi Armaya'u, ta ci gaba.

"Can in ba ku zo ba, sai in ce hanya ce ba lafiya. Nan bayan kasuwa fa, me zan ce wa mutane?"