Furen da Inna Ta Dasa

Bayan rasuwar Inna, furen da ta dasa a tsakar gida ya fara rawaya. Gardeniya ce, ba ta son ruwan rijiyar Zongo mai gishiri.

Wata la'asar Baba ya dawo daga mayanka, ya durƙusa, ya binne tsofaffin ƙusoshi a gindinta. Ya juye mata ruwan saman da yake ɓoyewa don shayinsa.

Maƙwabcinmu ya leƙo yana dariya. "Sarkin fawa, an koma aikin mata?"

Baba bai ɗago ba. "Na binne mai ita. Wannan ba zan binne ba."

Da damina ta yi fure fari, ƙanshinsa har titi.

Yanzu na girma, ina gadi a unguwar Adakpamé. Na ga maza da yawa, ban ga irinsa ba.