Tsirkiyar Gurmin Barau

Tun da aka kafa dokar waƙa, kowane gurmi an ɗaura masa 'yar fitila a wuya. In ka kaɗa karin da injinan kamfani suka riga suka tsara, sai ta yi ja, a tashe ka daga wurin biki. Kuma da wuya ka sami karin da ba su tsara ba.

Da hantsi Barau, wanda ya yi furfura yana waƙa shi kaɗai, ya kai gurminsa rumfar Malam Jatau mai gyara.

"Tsirkiya ta tsinke, Malam. Sa sabuwa, amma ka sassauta ta kamar kullum."

"Haba Barau! Har yaushe zan riƙa ɓata aikina da hannuna?"

"In ta yi daidai, fitilar ja take yi. Da karkatacciyar nake ci da iyali."

Jatau ya yi tsaki, ya ɗaura tsirkiyar, amma ya ja ta daidai, yadda yake yi masa lokacin suna samari, kafin doka.

"Taɓa ka ji, ko sau ɗaya. Ba kowa a nan."

Barau ya kaɗa waƙar da ya yi wa mahaifiyarsa. Fitilar ta yi ja. Bai ko dube ta ba, sai ya yamutsa fuska.

"Malam, ai wannan ba ta hau ba."

Jatau ya daɗe yana kallonsa. Sannan ya karɓi gurmin, ya riƙa sassauta tsirkiyar har Barau ya gyaɗa kai.

"Yawwa," in ji Barau. "Yanzu ta yi daidai."