Man Shanun Ɓeraye

"Wata uku kacal, Baba," in ji Dakta. "Ɓerayen kejin dama ka ba su man shanu, na hagu gari da sukari. Ka kiyaye awo, ni kuma in sa a ba ka aikin dindindin."

Muka tafa. Ni ne mai sharar ɗakin bincikensa, kuma duk yawon duniyata ban taɓa ganin ɓera da mai hidima ba.

So yake ya gano abincin da ke sa jiki ya daina jin maganar insulin, sinadarin da ke kwashe sukari daga jini. Sai da wannan sakamako za a ƙara masa girma.

Ranar gwaji, na hagu suka fito da tumbi kamar 'yan kwangila. Na dama kuwa garau, jininsu fes.

"Ba zai yiwu ba! Littafi bai ce haka ba!" Sau uku Dakta yana sake gwajin. Can sai ya ƙura wa maɓallin rigata ido, wanda ya ƙi rufuwa.

"Baba, miƙo yatsa."

"Ranka ya daɗe, ni fa ba ɓera ba ne."

Ya caka allura. Lambar sukarin da na'ura ta nuna sai da ta sa ya cire tabarau.

Gaskiya dusa nake zuba wa na dama. Man kuwa, burodina ne shaida.

Ɓerayen dama suka tsira da lafiyarsu. Dakta ya rasa ƙarin girma. Ni na rasa aiki, na tafi gida da ciwon da aka tanadar wa ɓera.