Gudumar Marigayi

Mai jawabin ya ɗaga gudumar sama, ya yi shiru, ya bar shirun ya yi masa aiki. Ɗakin taron ya yi tsit, ban da gurnanin na'urar sanyi da haƙoran wani tsoho a layin baya da ke gugar juna.

"Wannan," in ji mai jawabin, murya can ƙasa, "ita ce kaɗai gadon da mahaifina ya bar mini."

Tsohon ya san gudumar. Ya san tsagar da ke jikin ƙotarta, ya san wayar da aka ɗaure ta da ita. A kan ɓatanta aka yi baram-baram da mai walda na maƙwabta, har yau gaisuwa sai daga nesa. Ashe tana nan, an shafe ta da mai, tana yawon otal-otal.

Mai aski ne ya fara nuna masa jawabin a waya, yana dariya har da riƙe ciki, ya bar shi zaune da rabin aski. A wancan bidiyon zazzaɓi ne ya ɗauke marigayin. A na biyu hawan jini. Yau kuwa manyan masu shaguna sun cika layin gaba, daga bakinsu ake jiran a ji ko za su karɓi takalman kamfanin mai jawabin, don haka aka ƙara wuta: marigayin ya cika ne a kan bencin aiki, basilla a hannu, yana ɗinke takalmin makarantar ɗansa.

Matar da ke kusa da tsohon ta fyace hanci, ta ga idonsa ya yi jawur, ta miƙo masa hankici.

"Baba, kai ma ya taɓa ka ko?"

"Ya taɓa ni, 'yata," ya ce. "Har ƙashi."

Da zai fito da safe matarsa ta tare ƙofa. "Ka je ka ji da kunnenka, ka dawo mini da bakinka a rufe. Yaron nan abincinsa ke nan. In masu shaguna suka watse, ma'aikatansa fa, ƙasa za su ci?" Ya yi mata alkawari. Shi ya sa ya danne sandarsa tsakanin gwiwoyi kamar mai riƙon akuyar da ta ga ganye.

Aka haska hoto a bango: hannaye biyu na wani dattijo, sumul, ko tabo babu. Hannun baduku ke nan? Tsohon ya dubi babban yatsansa da basilla ta mai da rariya, ya ja tsaki har na gabansa ya waiwayo.

"'Yan'uwa 'yan kasuwa," mai jawabin ya ci gaba, yana takawa a hankali, "kada ku hau dandamali da jerin lambobi. Ku ba su mutum. Ku ba su rashi. Ku ba su abin da ido zai gani, kamar gudumar nan. Kafin ya cika, mahaifina ya kama hannuna ya ce: ɗana, kada ka sayar da takalmi, ka sayar da tafiya."

Tafi raf-raf-raf. Biro ya yi ta gudu a kan takardu.

Kai, duniya! Babu mai rai da ya san marigayin kamar tsohon, kuma iya saninsa maganar da ya fi yi wa yaron nan ita ce "tashi, rana ta yi" da "wa ya taɓa mini almakashi?" Amma ya haɗiye. Alkawari kaya ne. Mutuwar ma ya haɗiye ta, ai kowa can za shi.

Mai jawabin ya kurɓi ruwa, ya yi ɗan murmushi irin na mai yafiya.

"Sai dai gaskiya ɗaya ce. Allah ya jiƙansa, zuciya gare shi, amma ɗinkinsa sai a hankali. Ruwan sama ɗaya ke kwance takalminsa. Ranar da nawa ya buɗe baki a gaban 'yan ajinmu, ranar na rantse zan yi wanda ya fi nasa."

Aka yi 'yar dariya mai tausayi. Masu shaguna suka gyaɗa kai, ɗayansu ma ya fara laluben biro a aljihu.

Sandar ta suɓuce daga tsakanin gwiwoyi.

Sai a hankali? Ɗinkin da masu dako ke bin layi a kansa? Takalmin da ake binne mai shi a bar wa ƙane? Wancan na makaranta ma ƙwallo aka buga da shi har ya yage, aka zo ana rantsuwar kare ne ya ja. A kashe mutum, a sace masa guduma, sannan a bi shi kabari a ɓata masa suna a sana'a!

"Akwai mai tambaya?" in ji mai gabatarwa.

Hannu ɗaya ya tashi a layin baya, da sanda a cikinsa. Aka kai masa makirfo. Mai jawabin ya kare fitila da tafin hannu don ya hango ko wane ne, sai murmushin ya daskare. Gudumar ta faɗi tim, kusa da ƙafarsa.

Tsohon ya tuɓe takalminsa na dama, ya ɗaga shi sama yadda aka ɗaga gudumar ɗazu. Shi ma ya yi shiru, ya bar shirun ya yi masa aiki. Ai ya biya kuɗin shiga, ya koyi darasi.

"Wannan ya girmi mai jawabin," ya ce. "A zagaya da shi layin gaba, a nemo mini inda ya kwance."

Mai gabatarwa ya yi dariyar yaƙe. "To, Baba, kafin nan ka gabatar mana da kanka. Da wa muke magana?"

Tsohon ya gyara tsayuwa, ya busa makirfon ya tabbatar yana aiki.

"Ni ne marigayin."