Sawun Haƙora a Wuyan Akawal

Tanimu, ajiye igiyar nan ka zauna. Ka ce yau sai ka kwanto dokinka daga bargar mutane don an sake shi cikin 'yan uwansa ya dawo da ƙwarzane. Ban hana ka ba, dokinka ne. Amma ka ji wannan tukuna, ba ta da tsawo.

An yi wani mai barga a bakin fadama, yana riƙe wa mutanen gari dawakansu, ya ciyar, ya shayar, ya wanke. Mutum ne marar yawan magana, kuma dokokinsa biyu ne kacal. Ta farko, kowane doki, ko na wane ne, da gari ya waye za a kai shi fadama a sa masa dabaibayi ya yi kiwo tare da sauran, ba ya komawa turke sai rana ta yi tsaka. Ta biyu, mai doki ba ya ba dokinsa abu a baki da hannu. A fadamar akwai wata tsohuwar goɗiya mai ido ɗaya, ita ce alƙalin wurin. Duk baƙon dokin da ya zo da rawar kai ya ture na gabansa wurin shan ruwa, sai ta kai masa cizo guda a wuya, daga ranar ya san matsayinsa. Ana nan sai wani mai sayar da yadi ya kawo akawal ɗinsa, baƙi wul, ɗan shekara uku, gashi na sheƙi kamar an shafa masa man gyaɗa. Burin mutumin nan ɗaya ne a duniya: ranar sukuwar kaka, gari duka ya tsaya yana tambayar dokin wane ne wannan. A makon kuma wani maƙeri ya kawo nasa, wani ramammen kili da ba za ka kalle shi sau biyu ba. Ya miƙa igiya ya ce a yi masa yadda ake yi wa kowa, ya juya ya koma maƙerarsa.

Bayan kwana uku mai yadi ya zo da dabino cike da aljihu, ya tarar da sawun haƙora a wuyan akawal. Wallahi nan take ya hau faɗa, don son dokin nan yake kamar ransa, kuma ni ban ga laifinsa a nan ba. Laifin yana gaba. Ya ce daga yau a ɗaure masa doki shi kaɗai a inuwa, kada ya ƙara taka fadama, goɗiyar nan kuwa a san inda za a kai ta. Mai barga ya ce, "Alhaji, doki naka ne, barga tawa ce. In zai kwana nan, gobe da safe fadama zai fita." Mai yadi ya kai ƙara wurin mai unguwa, bai yi ba. Ya turo abokai su yi lallashi, bai yi ba. Ya bi sauran masu dawaki yana hura musu kunne har biyu suka kwance nasu, shi ma ya kwance nasa. Turke uku suka zama wayam a rana ɗaya. Abin ya yi wa mai barga ciwo, don da bargar nan yake ci da iyalinsa, amma ya share turakun tsaf, washegari ya ɗauki dabaibayi ya kai ragowar fadama yadda ya saba.

Shi kuwa mai yadi ya kafa wa akawal rumfa a tsakar gida. Dawa da dusa ba yankewa, dabino a tafin hannu safe da yamma. Wata huɗu dokin nan bai ga fuskar doki ba. Ya yi ƙiba, wuya ya yi kauri, ya koyi laluben aljihun mutane da haƙori, maigida na dariya yana cewa wayo ne. Ranar sukuwa aka ɗora masa sabon sirdi aka kai shi fili. Da ya ji haniniyar dawaki talatin a lokaci guda, sai ido ya juye. Ya ƙi shiga layi, ya miƙe da ƙafa biyu, ya harbi na damansa, ya ciji mahayin na hagu a cinya, sannan ya tiƙa nasa mahayin da ƙasa. Gari duka kuwa ya tambayi dokin wane ne wannan, amma don mai shi ya zo ya fitar da shi. Kilin maƙeri, da tabon cizo har uku a wuya, yana tsaye cikin layi ko kunne bai kaɗa ba. Bai zo na ɗaya ba, na biyu ya zo, amma shi aka raka gida da guɗa. Mai yadi ya ja nasa a ƙasa, kai sunkuye, mutane na darewa suna janye 'ya'yansu. Ya zaga barga biyu, kowa ya ce ba shi da turken mahaukacin doki. Da mako ya zagayo sai ga shi a bakin fadama da igiya a hannu. Mai barga bai ce masa "na gaya maka" ba. Dabaibayi ya ɗauko ya miƙa masa, ya nuna masa hanya da haɓa. Goɗiyar na can bakin ruwa tana jira.

To, Tanimu, ga igiyarka nan, ka san hanyar bargar. Ni dai abin da na gada wurin na gaba ke nan: ka so naka duniya ta ƙi shi, ka ƙi naka duniya ta so shi.