Rigar da Aka Ɗinka wa Kwamfuta

A shekarun da kwamfuta ta fara shiga gidajen mutane, cikin wata bazara, wata malamar kwaleji ta kawo guda gidan mahaifinta domin ta rubuta kundin digirinta. Mahaifin tsohon maɗinkin manyan riguna ne. Ido ya fara rauni, amma hannu bai manta allura ba. Ya ja kujera ya ƙare wa na'urar kallo yadda yake duba yadi kafin ya sa almakashi. Akwati ne mai kusurwa huɗu, launinsa na yadin akoko da ya sha wanki, ba fari ba, ba ruwan ƙasa ba. A kansa an ɗora wani abu mai fuskar gilashi da ƙatuwar ƙeya, koren rubutu na fitowa a kan baƙi. Ga allon maɓallai mai ƙwas-ƙwas da wayarsa murɗaɗɗiya, duk launi ɗaya, kamar 'yan gida ɗaya da aka yi wa anko.

Abin ya burge shi, ya kuma ba shi tausayi. Wanda ya ƙera wannan, in ji shi a ransa, gwanin yanka ne amma bai iya ado ba. Babu komai a jikinta sai wasu 'yan tsage-tsage a jere, a gefen akwatin da saman ƙeyar, ya ɗauka maƙerin ya fara zuba aska irin ta gaban babbar riga ne ya gaji ya bari. Rediyonsa yana da riga, keken ɗinkinsa yana da riga, amma abin da 'yarsa za ta ci digiri da shi yana zaune tsirara. Da ta tafi makaranta sai ya gwada na'urar ciki da bai, ya ciro shuɗiyar shaddar da ya ajiye wa kansa don babbar salla, ya yanka, ya yi mata shafi mai kauri. Ya bar wa gilashin taga, ya bar ƙofa inda ake zura faifan ajiye rubutu. Daidai kan tsage-tsagen nan ya zuba aska biyu da farin zare, ya ƙarasa wa baƙon gwani aikinsa. Riga ta zauna cif, ko yatsa ba ya shiga.

'Yar ta san ta tsagen nan na'urar ke shan iska. Ta buɗe baki za ta faɗa, sai ta gane shaddar, ta ga sukan allura a yatsunsa.

"Baba, ai ko ni ba ka taɓa yi mini irin wannan ba," abin da ya fito ke nan.

"Ke kina da bakin roƙo, Uwata," ya ce, don sunan mahaifiyarsa ta ci. "Ita fa?"

Ta ƙudurta za ta riƙa tuɓe rigar duk lokacin da ya fita. Sai dai tsoho bai ƙara fita ba. Ya dawo da tabarmarsa ɗakin da na'urar take, bayan azahar kuma ya jawo abokansa na masallaci su ga amarya. Suna yaba aska, ita tana buga babin ƙarshe cikin zufa, kunya ta hana ta tuɓe aikin ubanta a gaban baƙinsa. Hancin maɗinki ne ya fara ji: ƙauri irin na dutsen guga da aka manta a kan yadi. Kafin ya ce uffan, koren rubutun ya tsuke ya zama ɗigo, ya ɓace.

Mai gyara ya zo, ya ɓalle maɓallan rigar, ya shafa tsagen nan da yatsa ya ce, "Baba, ai nan ne hancinta." Na'ura ta ƙone, babin da ba a kai ga kwafa a faifai ba ya tafi tare da ita, ga ranar miƙa kundi ta matso.

Tsoho ya zauna yana ninke rigar, yana warwarewa, yana sake ninkewa, ya kasa ɗaga ido. 'Yar ta share teburinsa na yanka, ta ajiye takardu da biro don ta sake babin da hannu. Sannan ta karɓi rigar daga hannunsa, ta mayar wa matacciyar na'urar, ta ɓalla maɓallan ɗaya bayan ɗaya, ta gyara zaman askar.

"Yanzu dai ba ta jin zafi," ta ce. "A bar mata kayanta."

Tsoho ya yi dariya, ƙwalla na bin gemunsa.

Dama Hausawa sun ce: garin neman gira, a rasa ido.