Takardar Shaidar Adaobi

Ranar Talata Adaobi ta sa hannu a takardar ɗaukar aiki, kafin la'asar kuwa ta kai wa tela farin yadi ya ɗinka mata riga biyu. Wani sabon otal ne a Samaru ya ɗauke ta shugabar masu gasa burodi. Sharaɗinsu ɗaya: ta zo ranar Litinin da takardar shaida daga inda ta yi aiki. In babu, akwai mutum biyu suna jiran kujerar.

To, nan fa ake yin ta. Inda ta yi aikin shi ne gidan burodin Ogbonna a Muchia, shi kuwa Ogbonna taurin kai gare shi na tsiya. Dokarsa ce duk wanda ya tsallako ƙofar nan ya kira shi Oga, ko da uwar da ta haife shi ce.

"Oga, takardar shaida nake so."

Ko ɗago kai bai yi ba. "Ke ma'aikaciyata ce? Duba rajista. In kin ga sunanki, in rubuta miki."

Ai kuwa babu. Shekara goma sha bakwai! Ita ke kwaɓa fulawa, ita ke gane zafin tanda da bayan hannu, ita ke tuna masa maganin hawan jini. Direba na da suna a rajistar nan, mai shara ma na da shi, ita ko oho. Maganar ta yi mata ciwo ƙwarai, amma ba ta bari ya ga hawayenta ba.

Busola mai ƙulla leda ta ja ta gefe. "Anti, hatimin fa yana durowarki, ke kike rubuta masa wasiƙu. Ki rubuta ki buga kawai."

"Allah ya kiyaye. Da hannunsa zai rubuta."

Laraba ta zo da wuri kamar kullum, ta ja benci gaban tanda, ta zauna ta harɗe hannu. Tunda ba ma'aikaciya ba ce, me ya haɗa ta da fulawa? Burodin ranar ya fito a daskare, ko kan mutum ka jefa da shi sai ya fashe. Alhamis masu shayin Sabon Gari suka dawo da kayansu suna masifa.

Ita kuwa shirinta take yi. Ta hau keke zuwa Samaru sau biyu don ta san tsawon hanya. Ta karɓo rigunanta, ta goge, ta rataye. Ogbonna ya turo mata dattawan coci su ba ta baki. Ta ba su ruwa, ta saurare su tsaf, ta raka su har titi, ta dawo bencinta.

Asabar ya kira ta ofis, ya miƙo takarda yana huci. Ta karanta, ta mayar masa.

"Ka rubuta wai ina taimakawa. Ban taimaka ba, Oga. Aiki na yi."

Ya sake karanta abin da ya rubuta. Sannan ya yage, ya sake rubutawa a hankali: shugabar tanda, shekara goma sha bakwai, ba ta taɓa fashi ba sai sau uku, kowanne na kwana arba'in. Ya buga hatimin.

Litinin da safe ta shigo cikin farar riga, ta ajiye makullin tanda a teburinsa.

"Oga, na bar aiki."

Ta kai ƙofa, ta tsallake ta da ƙafa biyu, sannan ta juyo.

"Baban Chika, miyarka na cikin firji, ka ɗumama. Kuma yau kai za ka ɗauko yaranmu daga makaranta."